Bayan Awon Tsayi da Ƙirji: Tantance Halin Masu Neman Aikin Ganduroba a Katsina

Tsakure

Takardar ta yi nazarin yadda ake ɗaukar ma'aikatan gidajen gyaran hali a Nijeriya, ta mayar da hankali kan Katsina. Ta nuna cewa sharuɗɗan da aka fi kafewa a kansu, wato shekaru da tsayi da faɗin ƙirji da takardun makaranta, ba su kai ga abubuwan da suka fi jawo ɓarna a bakin aiki ba, irin su saurin fushi da raunin amana da shaye-shaye da tabon firgici. Ta kuma yi gargaɗin cewa ɗauko ma'aunan hali na Amurka a shimfiɗa wa Bahaushe yadda suke zai zubar da nagartattu masu yawa. Daga nan ta gabatar da tsarin tantancewa mai hawa huɗu.

1.0 Gabatarwa

Ranar 8 ga Disamba 1997, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki, nesa da Katsina, garin haihuwarsa. Shekaru arba'in kafin haka, 'yan jam'iyyar NEPU ne ke shiga da fita gidajen yarin En'e saboda siyasa. Katsinawa sun daɗe da sanin cewa ƙofar kurkuku tana iya rufewa a kan kowa, daga ɓarawon akuya har mutum na biyu a gwamnatin soja. Da zarar ta rufe, alƙali ya tashi kotu, lauya ya naɗe takardunsa, ɗan sanda ya koma caji ofis. Wanda ya rage tare da ɗaurarre dare da rana shi ne ganduroba. Shi ke riƙe da mabuɗi, shi ke ƙidayar safe da yamma, shi ke tsaye ana rabon tuwo, kuma shi zai yanke ko ciwon da fursuna ke kuka da shi da tsakar dare ya isa a taso ma'aikacin asibiti.

Manufar takardar ita ce amsa tambaya guda: ta yaya za a gane, tun kafin a ba mutum kaki, ko hankalinsa da zuciyarsa za su ɗauki wannan iko? An yi amfani da kalmar "dacewar hali" don nufin iya riƙe fushi, da tsare amana a gaban kwaɗayi, da jure matsi ba tare da zaluntar na ƙasa ba. Dacewar hali daban take da rashin taɓin hankali. Mutum na iya zama lafiya lau a wurin likita, amma bai dace a damƙa masa mabuɗin ɗakin da mutum sittin ke kwance ba.

1.1 Daga Yari zuwa Shafin Intanet

Sunan gidan yari ya samo asali daga Yari, mai sarautar tsare ɗaurarru a ƙarƙashin sarki. Kalmar ganduroba kuwa masana harshe suna danganta ta da wata kalmar Ingilishi mai nufin mai kora ayarin 'yan aiki, kuma aikin ke nan a zamanin Turawa: a tasa 'yan sarƙa a gaba zuwa shara da ɗiban ruwa da aikin hanya. A lokacin, zaɓen masu kaki ya dogara ga asali da sanayya. A 1929 aka ɗora Usman Nagogo, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, a kan 'yan dokan En'e ta Katsina, don a ɗaga martabar aikin da jinin sarauta. Tsarin yana da aibinsa, domin ya yi wa fadanci da danniyar 'yan adawa hidima. Amma wanda aka ɗauka sananne ne, mai unguwa ya san ubansa, ya san ko yaron mai faɗa ne.

A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e bayan rahoton kwamitin Gobir, Doka ta 9 ta 1972 kuma ta shimfiɗa tsarin bai ɗaya. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta kasa aikinta gida biyu: tsarewa, da hukuncin da ba na ɗauri ba. Doka ta ɗora wa ganduroba aikin gyaran mutum. Shi kuwa mai neman aikin ya zama lamba a shafin intanet, babu mai unguwar da ya san shi a teburin zaɓe.

2.0 Waiwaye a Kan Ra'ayoyin Magabata

2.1 Masu Ɗora Laifi a Kan Muhalli

Gresham Sykes, a littafinsa na 1958 kan kurkukun jihar New Jersey, ya nuna cewa ikon ganduroba ba shi da ƙarfin da ake zato. Mutum ɗaya ba zai iya tilasta wa ɗaruruwa ba, don haka sai ya shiga ciniki da su: ya kawar da kai daga ƙananan laifuka, su kuma su ba shi zaman lafiya. Daga wannan ciniki ne lalacewar iko ke farawa, ko da mutumin kirki ne a bakin ƙofa.

Philip Zimbardo ya kai wannan ra'ayi ƙololuwa a 1971. Ya zaɓi ɗalibai 24 da aka tantance aka ce lafiyarsu ƙalau, ya raba su zuwa masu gadi da ɗaurarru a wani kurkukun kwaikwayo a Jami'ar Stanford. An shirya mako biyu, aka tsayar a kwana na shida saboda wulaƙancin da ya ɓarke. Shekaru da dama ana kafa hujja da wannan gwaji cewa kaki da mabuɗi ne ke lalata mutum, tantancewa kuwa ɓata lokaci ce.

2.2 Masu Ɗora Nauyi a Kan Zaɓe

Hujjar ta girgiza daga baya. A 2007 Thomas Carnahan da Sam McFarland suka buga talla iri biyu ta neman masu shiga bincike, ɗaya ta ambaci rayuwar kurkuku, ɗaya ba ta ambata ba. Waɗanda kalmar kurkuku ta jawo sun fi sauran son danniya da faɗa da ganin kai, sun kuma gaza su tausayi. Ashe wurin da ake mulkar mutane yana da irin waɗanda yake kira. Sannan Thibault Le Texier, bayan ya tone ma'ajiyar takardun gwajin Stanford, ya nuna a 2018 da 2019 cewa an zuga masu gadin su tsananta.

Abin da ya faru a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, wanda hotunansa suka fito a 2004, ya ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi. Charles Graner, wanda aka yanke wa shekara goma a matsayin jagoran azabtarwar, tsohon ganduroba ne a jihar Pennsylvania, kuma tun kafin a tura shi Iraƙi akwai ƙorafin cin zarafi a kansa a gaban kotu. Bayanin yana nan a rubuce, ba a dai yi aiki da shi ba.

A ɓangaren ma'auni, Robin Inwald ta ƙirƙiro nata ne musamman don masu neman aikin kaki. Binciken da ta buga da abokan aikinta a 1984 a kan sababbin gandurobobin New York ya nuna cewa amsoshin mutum kafin ɗauka suna da alaƙa da fashin aiki da makara da horon ladabtarwa da zai fuskanta daga baya. Jihar New York ta mayar da tantance halin masu neman wannan aiki doka tun farkon shekarun 1980.

2.3 Matsayar Takardar

Alison Liebling ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa gwanintar ganduroba tana cikin abin da ba a gani: rikicin da ya kashe da baki kafin ya tashi, da sanin lokacin da zai yi amfani da ikonsa da lokacin da zai sassauta. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015, sun wajabta a ƙa'ida ta 74 a zaɓi ma'aikata da kulawa bisa gaskiyarsu da tausayinsu da ƙwarewarsu da dacewarsu da aikin. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan jeri. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da adalci. Matsayar takardar ita ce muhalli da hali duka suna aiki, amma halin ne kaɗai ake iya dubawa a ranar ɗauka, kuma duba shi ya fi korar ma'aikaci bayan ya yi ɓarna arha.

3.0 Hanyar Nazari

Takardar nazarin rubuce-rubuce ce. An duba dokar 2019 da Ƙa'idojin Mandela, da sharuɗɗan da Hukumar CDCFIB ke bugawa a tallar ɗaukar aiki, wato hukumar da ke kula da ma'aikatan sibil difens da gyaran hali da kashe gobara da shige da fice a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. An haɗa da binciken da aka buga kan ma'aunan hali, da rahotannin abubuwan da suka faru a gidajen tsaro daga 2019 zuwa 2024. An jera abin da aikin ke nema daga zuciyar ma'aikaci a gefe guda, abin da matakan ɗauka ke aunawa a ɗaya gefen, aka nemi giɓin da ke tsakani. Alƙaluman sashe na 4.5 lissafin misali ne.

4.0 Nazari

4.1 Abin da Ake Aunawa

Tallar CDCFIB ta saba gindaya cewa namiji kada ya gaza mita 1.65 a tsayi, mace mita 1.60, ƙirjin namiji kuma ya kai mita 0.87. Akwai iyakar shekaru, da takardun makaranta, da jarrabawar kwamfuta, da takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Akwai kuma sharaɗin zama mai halin kirki, wanda ba a taɓa ɗaurewa ba, ba ɗan ƙungiyar asiri ba, ba mashayi ba. Tsayi da ƙirji suna da tef da lamba, kowa ya ga wanda ya gaza. Halin kirki kuwa a mafi yawan lokuta shaidar baka ce da sa hannun mai tsaya wa mutum. Takardar lafiya ma, duk wanda ya taɓa nema ya san yadda take: awon jini da fitsari da bugun zuciya, sai hatimi. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai neman aiki a layin tantancewa ladabi kawai take nunawa.

Yawan masu nema ya ƙara dagula lamarin. Ranar 15 ga Maris 2014, sama da mutum rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, aƙalla 16 suka mutu a turmutsutsu. Inda rashin aiki ya kai haka, da yawa daga masu cike fom ba aikin ganduroba suke so ba, albashin gwamnati suke nema ko ta wace ƙofa. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai yana nufin hukuma ba za ta dogara da cewa mai sha'awar aikin ne ya zo ba.

4.2 Abin da Aikin ke Nema

Gidajen gyaran hali na ƙasar suna riƙe da mutum wajen 80,000, kusan kashi biyu cikin uku masu jiran shari'a ne, sama da 3,000 kuma an yanke musu hukuncin kisa. Kuɗin abincin ɗaurarre a rana, bayan ƙarin da aka yi a 2024, ya koma naira 1,125. Mai jiran shari'a bai san ranar fitarsa ba, yana cikin cunkoso da zafi da yunwa, kuma fuskar gwamnati ɗaya da yake gani ita ce ta ganduroba. A kansa zai sauke takaicinsa. A wajen katanga kuma dangin masu hali suna jira da kuɗi a hannu don a shigar da waya ko a sauya ɗaki.

Ranar 5 ga Afrilu 2021 ɗaurarru 1,844 suka tsere daga gidan gyaran hali na Owerri. Ranar 5 ga Yuli 2022 aka fasa na Kuje, 879 suka fita, kuma Shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, da ya ziyarci wurin, ya fito fili ya yi zargin da hannun 'yan ciki. A Satumba 2024 an dakatar da wasu manyan jami'ai a Legas bisa zargin ba wani sanannen ɗaurarre gata na musamman. Katanga da bindiga suna da muhimmanci a waɗannan al'amura, amma a biyu na ƙarshe maganar amana ce ta fi tashi.

4.3 Abin da ya Keɓanta ga Katsina

A nan takardar za ta ɗan daɗe, domin akwai abin da littattafan waje ba su hango ba. Fiye da shekara goma ƙananan hukumomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna fama da 'yan bindiga. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Yaran da suka tashi cikin wannan hali su ne yanzu suka kai shekarun neman aikin kaki. Wani an kashe mahaifinsa a gona, wani gidansu aka sayar aka biya kuɗin fansa, wani ya kwana a daji yana jin harbi. Idan aka ɗauke shi, tsarin rabon aiki na iya kai shi gidan Katsina ko Funtuwa ko Malumfashi, a ba shi mabuɗin ɗakin da ake tsare waɗanda ake zargi da fashin daji da masu kai musu bayani. Cikinsu akwai mai laifi, akwai kuma makiyayin da kamanninsa da harshensa kawai suka ja masa.

Ba a cewa a hana irin wannan matashi aiki. Hakan zai zama zalunci na biyu a kan wanda aka riga aka zalunta, kuma da yawa daga cikinsu sun fita daga masifar da haƙurin da ya fi na kowa. Abin da ake bukata shi ne ƙwararre ya zauna da shi ya duba alamun ciwon firgici bayan tashin hankali, irin su mugun mafarki da razana da rashin barci da fushin da ke tashi ba shiri, ya kuma auna ko yana ɗauke da ƙudurin ramuwa a kan wata ƙabila. Mai ciwon a yi masa magani ya sake nema. Mai ƙudurin ramuwa kada a ba shi mabuɗi.

Sai shaye-shaye. Binciken ƙasa da Ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu da magunguna irin su tiramadol da kodin. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100. Awon fitsari na rana ɗaya yana kama wanda ya sha kwanan nan, amma wanda ya san ranar tantancewa zai iya dakatawa. Ganduroba mashayi kuwa ƙofa ce a buɗe, domin dillalin da ke sayar masa a waje yana da abokan ciniki a ciki.

Jihar ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka bar tsare mutane a hannun waɗanda ba wanda ya tantance. A Oktoba 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Daura suka fito da mutum 67 cikin sarƙa da tabon duka, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe wani a cikin birnin Katsina. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da kansu, da niyyar gyara.

4.4 Haɗarin Aron Ma'auni

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota a 1943. Bugun 1989 yana da jimloli 567 da ake amsawa da gaskiya ne ko ba gaskiya ba, na 2020 kuma 335. Ana fassara makin mutum ne ta hanyar kwatanta shi da na jama'ar da aka gina ma'aunin a kansu. Nan matsalar take.

A irin waɗannan ma'aunai, yarda cewa wani na iya cutar da mutum daga nesa, ko cewa akwai halittun da ido ba ya gani, tana ɗaga makin zargin mutane da ruɗewar tunani. A Katsina kuwa imani da aljanu yana cikin addini, maganar sammu da kambun baka kuma zancen yau da kullum ce. Lafiyayyen matashi daga Ƙofar Sauri zai amsa gaskiya ya fito da makin maras lafiya. Akwai kuma sashen da ke kama mai ƙawata kansa, wanda ke zargin duk wanda ya musanta ƙananan aibobi. An daɗe da lura cewa masu tarbiyyar addini da ta gargajiya suna samun maki mai yawa a nan ba don ƙarya ba. Wanda aka rena da kunya da kara, wanda ko yana kan gadon asibiti zai ce da sauƙi, ba zai buɗe cikinsa ga takarda ba. Damuwa ma a bakin Bahaushe sau da yawa a jiki take fitowa, ya ce kansa na zafi ko zuciyarsa na bugawa ko wani abu na yi masa yawo.

Fassara kaɗai ba ta warware wannan. Hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970, ta a fassara sannan wani daban ya mayar da fassarar zuwa harshen asali a kwatanta, mataki ne na farko. Bayansa sai an gwada ma'aunin a kan jama'ar wurin an fitar da mizaninsu. An taɓa yin irin wannan a Nijeriya: Oye Gureje da abokin aikinsa sun gwada ingancin gajeren ma'aunin GHQ mai tambaya 12 a Ibadan a 1990.

4.5 Lissafin Kamun Kuskure

A ɗauka mutum 1,000 sun nemi aiki, 50 daga cikinsu ba su dace ba. A ɗauka kuma ma'aunin yana kama 80 cikin 100 na marasa dacewa, yana kuma wanke 90 cikin 100 na masu dacewa, wanda ba ƙaramin inganci ba ne. Zai kama 40 daga cikin 50 ɗin, goma su wuce. Daga cikin nagartattu 950 kuwa zai shafa wa 95 baƙin fenti. Ke nan cikin mutum 135 da ya nuna, 40 ne kawai ya yi daidai a kansu. Idan ma'aunin aro ne da ba a daidaita ba, adadin waɗanda aka zalunta zai haura haka. A garin da kalmar taɓin hankali ke iya hana mutum aure, sakamakon takarda bai isa hujjar kora ba. Iyakarsa ya nuna wanda za a zauna da shi.

5.0 Tsarin da Ake Ba da Shawara

Hawa na farko binciken tarihi ne, kuma shi ya fi kowanne arha da amfani, domin abin da mutum ya saba yi shi ya fi nuna abin da zai yi. A tura jami'i ya ji daga mai unguwa da limami da shugaban makarantar da ya gama da wanda ya taɓa yi wa aiki, kowa daban, da tambayoyi tsayayyu: ya taɓa dukan wani har aka kai ƙara? An taɓa ba shi ajiya? Yana cikin 'yan ƙauraye? Wannan dawo da sanayyar zamanin En'e ce, amma a rubuce, daga bakin mutum fiye da ɗaya, don kada gaba ko son kai na mutum guda ya yanke wa yaro hukunci.

Hawa na biyu rubutaccen gwaji ne cikin Hausa da Ingilishi, mai haɗe da gajeren ma'aunin damuwa, da ma'aunin shaye-shaye na ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, da gwajin yanke shawara a kan al'amuran da aka ciro daga bakin tsofaffin gandurobobi. Misali: ɗaurarre ya tofa maka yawu a gaban 'yan ɗakinsa, ko ɗan unguwarku da ke tsare ya roƙe ka aron waya ya gaida mahaifiyarsa, ko na gaba da kai ya ce ka rubuta cewa raunin da ke jikin wani faɗuwa ya yi.

Hawa na uku tsararriyar ganawa ce da masanin halayyar ɗan Adam. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, don haka ba zai yiwu a gana da kowa ba. A ajiye wannan mataki ga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, a fara da waɗanda hawa na biyu ya nuna. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, za su iya ba da ƙwararru na 'yan makonni. Abin da zai isa teburin hukuma kalma ɗaya ce: ya dace, bai dace ba, ko a sake dubawa. Bayanan ciki su tsaya a hannun ƙwararren, daidai da kariyar sirri da hana wariya da ke cikin Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Wanda aka ƙi yana da haƙƙin neman wani ƙwararren ya sake duba shi.

Hawa na huɗu shi ne lura a makarantar horo da shekarar farko ta aiki. Norway tana horar da gandurobobinta shekara biyu. A nan watanni ne, amma ko a cikinsu malamin makarantar horo ta Kaduna yana ganin wanda ke cin zalin na ƙasa da shi a layin abinci. A ba rahotonsa nauyi kafin tabbatar da aiki.

Abu ɗaya zai iya rushe duka huɗun, wato alfarma. Idan sunan da ya zo da takardar wani babba yana tsallake matakai, to tantancewar ta zama wani sabon shinge ga ɗan talaka kawai, har ma ta zama hanyar korarsa da sunan kimiyya. Dole a yi makin da lamba ba da suna ba, kuma duk wanda ya soke hukuncin ƙwararre ya rubuta dalilinsa ya sa hannu. Haka nan tantancewa ba ta maye gurbin albashi mai kyau da rage cunkoso da hutun ma'aikaci. Sykes bai yi kuskure ba a nan: nagartaccen da aka bari shi kaɗai da ɗaurarru ɗari da aljihu wayam zai iya karkacewa.

6.0 Damar da ke Gaban Jihar

A Maris 2023 gyaran tsarin mulki ya ciro gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi damar kafa nasu. A Oktoban shekarar Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rukunin farko na rundunar tsaron al'umma ta jihar, matasa 1,466 da aka ɗebo daga yankunan da rikici ya shafa. Jihar ta riga ta shiga harkar ɗaukar masu kaki da kanta, kuma daga cikin al'ummar da sashe na 4.3 ya yi magana a kanta.

Daidaita ma'auni da fitar da mizanin jama'a aikin shekaru ne, ba a yin sa ana gobe ɗaukar ma'aikata. Takardar tana kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Asibitin Koyarwa na Tarayya su haɗa masana Hausa da masana halayya da tsofaffin gandurobobi su fara gina ma'aunin dacewar hali cikin Hausa tun yanzu. Tana kuma kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, duk ranar da dokar kafa gidajen gyaran hali na jiha ta zo gabanta, ta rubuta tantance hali a cikin sassan dokar, tare da kuɗin yinsa da haƙƙin ɗaukaka ƙara ga wanda aka ƙi.